Me ya kai mace filin daga?

Jiya a wani gidan suna a Ƙofar Ƙaura na ji maganar da ta hana ni barci. Wata yayarmu ce ta shigo tana dogara sanda. Nas ce ta soja, kuma a Borno ta baro lafiyar ƙafarta, ranar da motar da suke ɗauke da majinyata ta taka bam ɗin da aka binne a hanya. Tana wucewa ɗakin mai jego, wata dattijuwa ta taɓe baki ta ce, "To dama me ya kai mace filin daga?" Aka yi dariya. Ni kuma na yi gum, kuma shirun nan nawa ne ke ci mini rai.

Hajiya, ki gafarce ni, amsarki tana Islamiyyar da jikokinki ke zuwa. Nusaiba 'yar Ka'ab, Ummu Ammara, da salkar ruwa ta fita Uhudu don shayar da masu rauni, ta koma Madina da rauni fiye da goma a jikinta, har da mummunan sara a kafaɗa. A yaƙin Yamama kuma hannu ta rasa. Rufaida kuwa a masallacin Annabi (SAW) aka kafa mata tantin jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Nusaiba nawa, Rufaida nawa muka raɗa wa suna a garin nan? Sunan muke so, aikin ne abin kunya?

Jama'a na ɗauka nas ɗin soja tana can baya cikin inuwa. Ina! Ta sha horo, ta yi fareti, tana da muƙami kamar kowane soja. Ita ce za ta ɗaure ƙafar da ke ɓulɓular jini, ta nemi jijiya ta sa ƙarin ruwa a bayan mota tana gudu. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta hana a kai wa ma'aikatan lafiya hari, to amma bam ba ya karatu, masu binne shi kuma ba su san Geneva ba. Saifura da Hauwa Liman ko sojoji ba ne su, ungozomomi ne da ke aiki da Red Cross. A garin Rann na jihar Borno aka sace su a watan Maris na 2018, kafin shekarar ta fita an kashe su.

Yayarmu ta yi watanni a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, aka sa mata ƙarfe a cinya, ta koma bakin aiki. Yanzu daga zaune take awon ciki da allurar rigakafi a asibitin bariki, sa'o'inta sun wuce ta a muƙami. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, kuma sun cancanta, Allah ya jiƙansu. Amma wadda ta dawo da rai tana ɗingishi, ko sannu mun kasa yi mata.

Da za ta tafi, ta leƙa cibiyar jaririn, ta ce wa mai jego, "Ƙanwata, kada kowa ya shafa masa man goge baki, maganin da aka ba ki a asibiti ya isa." Dattijuwar nan ce ta fara cewa, "Kin dai ji abin da likita ta ce."