Sabon Kakaki Ba Ya Sake Fasalin Ma'aikatan Majalisa Shi Kaɗai

Da zarar an zaɓi sabon kakaki a majalisar dokokin jiha, sai ka ji ana cewa zai canza Akawu, wato shugaban ma'aikatan majalisa, ya tsara ma'aikata yadda ya so. Tunda shi ke jagorantar zama, ba laifi a zaci haka.

Amma sashe na 93 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce dokar da majalisar ta kafa ita ke fayyace yadda ake naɗa Akawu da sauran ma'aikata. Inda aka kafa hukumar kula da ma'aikatan majalisa, ɗauka aiki, ƙarin girma da ladabtarwa na hannunta.

A ce za a raba sashen shari'a na majalisa gida biyu, kowanne da daraktansa. Sai hukumar ta amince da sabon muƙamin darakta, sannan a sa albashinsa a kasafi. Idan aka tsallake kasafin, za a naɗa mutum ya yi watanni babu albashin muƙamin.