A rubuta sunayensu kafin a ce "Afallahu amma salaf"

Ɗan ƙanwata yana cikin ɗaliban likitanci da yaƙi ya kora daga Khartum zuwa Ruwanda. Da na je duba shi sai ya ce, "Kawu, ba za ka koma gida ba sai ka ga Gisozi." Can ne, a Kigali, aka binne mutum sama da 250,000 daga cikin waɗanda aka yi wa kisan kiyashi a 1994. Manyan kaburburan siminti da lambun furanni ba su girgiza ni kamar ɗakin yara ba. Ga hoton yaro, a ƙarƙashinsa an rubuta sunansa da shekarunsa, abincin da ya fi so, da yadda aka kashe shi. Na fito na kasa cewa uffan.

Tun daga ranar Wad an-Nura ba ta bar raina ba. Ranar 5 ga Yunin 2024 dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka afka wa wannan ƙauye na jihar Jazira, suka kashe mutum fiye da 100. Duk mun ga bidiyon gawarwaki jere cikin likkafani, amma in ba dangi ba, wa zai kawo sunan ko da mutum biyar? Mu kanmu Hausawa, a Yuli da Oktoban 2022 an zubar da jini a Rusairis da Wad al-Mahi na jihar Blue Nile, a rikicinmu da ƙabilun Berta da Hamaj, ɗaruruwa suka mutu. Muka yi zanga-zanga a Kasala da Khartum, aka yi sadakar uku da ta arba'in, kowa ya kama gabansa.

Ina ganin Sudan na bukatar wuraren tunawa irin na Gisozi, kuma aikin ba zai jira ƙarshen yaƙi ba. Na san abin da wasu malamanmu za su ce: Manzon Allah (SAW) ya hana gini a kan kabari. Gaskiya ne, kuma ba kubba nake nema ba. Duk wanda ya ziyarci Uhudu ya ga makabartar shahidai ba gini a kan kowa, amma ya san kusan mutum 70 ne kwance a wurin, ya san Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair, domin magabata sun zauna sun rubuta sunayensu. Bango mai sunaye a gefen masallaci ko a inuwar bedi bai saɓa wa wannan ba.

Uzurin da ya fi nauyi shi ne na masu tsoron fama tsohon miki. Suna da hujja idan kowace ƙabila za ta kafa nata bangon. Shi ya sa na Damazin, babban birnin jihar Blue Nile, dole ya ɗauki Bahaushe da Berta da Hamaj a jeri ɗaya, ba tare da an rubuta ƙabilar kowa ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne halinmu da muka sani. Bayan kisan masu zaman dirshan ranar 3 ga Yunin 2019 a gaban hedikwatar soja a Khartum, zane-zanen da matasa suka yi a bangaye fenti aka shafe su da shi. Gobe masu bindiga za su zauna a otal su raba kujeru, a ce Allah ya yafe abin da ya wuce. Yafiya hakkin uwar da aka kashe wa ɗa ce, ita kaɗai za ta bayar.

Kakanninmu sun baro Burmi a 1903, bayan yaƙin da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi a can. Mun riƙe sunan Sarkin Musulmi Attahiru da na ɗansa Mai Wurno, ɗaruruwan da suka faɗi tare da Attahiru kuwa sunayensu sun bi ƙasa. Saboda haka na sayi littafi mai layi, na fara da limamin unguwarmu da tsohuwar da ke wankan gawar mata. Zaman farko bai ƙare ba sai da aka kira magariba, ita kuma ta ce in dawo da safe, akwai na yara da ba ta faɗa ba tukuna.