Kafin ka kira bakanike ɓarawo, leƙa tankinka

Jiya da la'asar wani Alhaji ya tsaya a tsakiyar garejinmu, gaban yarana biyu da maigadi da yarinyar da ke kawo mana kunun zaƙi, ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce mini ɓarawo. Kamfanin da ya sayar masa da mota bai samu wannan suna ba, direbansa da ke raɓe a bayansa ma bai samu ba. Ni na samu, ni da tun hantsi nake cikin injinsa, baƙin mai har cikin kunne. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," domin manaja yana tsaye, kuma a wurin nan bakanike ba ya ɗaga murya. Amma maganar ta hana ni barci, to bari in amayar da ita.

Shekarata 19 da sifana a hannu. A Buzaye na koyi aiki wurin maigidana, Allah ya jiƙansa, zamanin da injin gas yake injin gas: 5L na Hilux, 1HZ na Land Cruiser, tsohon 4D56 na L200. Waɗannan ko jaki bai fi su haƙuri ba. Ka ɗura musu abin da ka samu, su yi tari, su turnuƙe unguwa da hayaƙi, su kama hanya. Nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ya toshe, ka kwance, ka kai wa masu gwaji su saita, ka mayar, shi ke nan. Shekara 7 da suka wuce na samu aiki a garejin wani kamfanin dillancin motoci a nan Sakkwato, ina ta murnar albashi da riga mai tambari a ƙirji. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Motar Alhajin nan Hilux ce mai injin 2KD, ita ke ɗauko masa albasa daga Goronyo da Wurno. Mako uku da suka wuce aka fara jawo ta da igiya. Direba ya ce, "Malam, haka kawai ta mutu muna wuce Achida, ban yi mata komi ba." Kowane direba haka yake cewa, ban taɓa ganin wanda ya yi wa mota komai ba. Na buɗe ƙofa, na leƙa gaban sitiyari, sai ga baƙin salatif an manna a kan gilashin agogo. Na ɓare shi. Fitilar da ke sanar da cewa ruwa ya taru a filtar mai ce take ci. Na ce, "Tun yaushe wannan?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Tun kahin azumi, tana hana ni gani da dare shi ya sa na ruhe ta."

Na ɗauko gorar ruwa wadda babu komai ciki, na kwance ƙasan filtar na tara. Ba a yi minti biyar ba abin ya kasu biyu: ƙasa ruwa ne ja, mai tsatsa, kamar na kududdufi, sama kuma wani abu ne fari sal da ke tashin warin kalanzir. Wai wannan shi ne gas. A ina aka sha? Wurin 'yan bumburutu, a jarka, domin ya fi na gidan mai sauƙi, rarar kuma ta shige aljihun wanda aka ba kuɗin mai. Na san haka, direban ya san na sani, amma mutum ne mai iyali, ban iya tona shi gaban maigidansa ba. Na dai ce man ba shi da kyau. Wannan rufin asirin ne yau na biya kuɗinsa da mutuncina.

Jama'a, injinan nan na yanzu ba irin na da ba ne, kuma na gaji da maimaita wannan karatu. Tun daga 2KD da 1KD, har zuwa 2GD da 1GD da suka fito a 2015, tsarin ya sauya. Famfo ne yake matse mai cikin bututu guda da ƙarfin da ya haura 1,300 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", a sababbin ma ya haura 2,000, alhali iskar tayar motar ba ta wuce 2 zuwa 3 ba. Daga nan kwamfutar motar ce ke buɗe kowane nozul tana rufewa, ta ƙofofin da da ƙyar ido ke ganinsu. Kuma man gas ɗin da kansa shi ne ke sanya wa famfon santsi. Ka surka shi da kalanzir, santsi ya tafi. Ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Sai famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga nozul huɗu, saura ya koma tanki ya kwanta yana jiran sabon kayan da za ka ɗaura. Shi ya sa idan na ce sai an sauya famfo da nozul gaba ɗaya, an sauke tanki an wanke, an busa layukan mai, ba son kuɗi ba ne. Ko sisi ba ya shiga aljihuna daga kuɗin kaya. Albashina ɗaya ne ko mota ta ci miliyan ko ta ci dubu biyar.

Da Alhaji ya ga takardar kuɗi sai ya yi salati, ya ce, "Mota kuka son ku sai da min sabuwa?" Ya sa aka sake jan ta. Wani ya ce masa akwai yaro a bayan gari da ke wanke nozul da araha. Yaron ya wanke biyu, ya sa masa biyu na gwanjo, tankin ko kallonsa bai yi ba. Kowane nozul na irin wannan injin yana ɗauke da lambarsa a ka, wadda dole a shigar wa kwamfutar mota don ta san yadda za ta auna masa mai. Wa ya shigar? Babu. Motar ta tashi, ta yi kwana tara tana ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi, nozul ɗaya yana tsiyayar da mai maimakon feshi, har ya huda kan fistin. Aka dawo mana da ita a kan babbar mota. Kuma wai ni na kashe ta, tunda ni na fara buɗe ta.

Na san akwai ɓata-gari a cikinmu, ba sai an tuna mini ba. Na san masu cire orijina su sa jabu. Amma wake ɗaya ne ake ta jifan mu da shi shekara da shekaru.

Kamfanin da nake wa aiki ma ba zan ƙyale shi ba, don rabin zagin da nake sha nasa ne. Kwamfutar gwaji guda ɗaya tal muke da ita, kuma lambar buɗe ta tana hannun mutum ɗaya. Ranar da ya tafi ɗaurin aure Tambuwal, aiki ya tafi tare da shi. Idan yana nan, babu wuta. Idan an tayar da janareta, manaja yana kallon agogo, domin tun da gas ya haura naira 1,000 lita kowane minti lissafi ne. Ka fara shigar da lambobi, wuta ta ɗauke a tsakiya, ka koma farko kana addu'a kada ƙwaƙwalwar motar ta rikice.

Kayan gyara kuwa sai dai haƙuri. Yawancin Hilux da ke yawo a ƙasar nan masu shan fetur ne, don haka sito ba ya ajiye kayan gas sosai. Komai sai an rubuta wa babban ofis a Legas. A ce maka mako ɗaya, ka gaya wa mai mota mako ɗaya, ya zama uku, wayarka ce za ta yi ta ruri har cikin sallar asuba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, kuɗin da ka faɗa wa mutum ranar Litinin ba shi ne na Alhamis ba, shi kuma gani yake kai ka ƙara. Idan ya gaji ya aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas aka sayo masa, sau da yawa kwalin ya fi na orijina kyau, abin da ke ciki kuwa sai Allah. Ka ƙi ɗaurawa, ka zama mai girman kai. Ka ɗaura ya lalace, ka zama wanda bai iya aiki ba.

Sai garanti. Mota sabuwa ta samu matsala, a ce in ɗauki hoto, in ɗebi mai a kwalba, in cike takarda shafi-shafi da hannun da ko biro ba ya riƙuwa saboda maiƙo. Bayan wata guda amsa ta zo: man da aka sha gurɓatacce ne, garanti bai shafe shi ba. Wanda ya rubuta amsar yana Legas cikin sanyin na'ura. Wa za a tura ya faɗa wa mai mota baki da baki? Bakanike.

Akwai kuma wata takarda da manaja ke kaɗa mana, mai nuna awa nawa kowane aiki ya kamata ya ci. Wanda ya tsara ta bai taɓa taɓa ƙarfe a Sakkwato cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sifanar da ka ajiye a rana ta gagari ɗauka sai da tsumma. Bai san kusar da ƙurar hanyar Illela da laka suka haɗe ta da jikin inji ba, wadda za ka yi awa biyu kana lallashi don kada ta karye a ciki. Injinan yanzu an cusa su kamar kayan amarya a ƙaramin ɗaki, kafin hannunka ya kai ga abu ɗaya sai ka kwance biyar. Ka yi sauri, a ce ka yi aikin ha'inci. Ka bi a hankali, a ce kana cinye lokacin kamfani.

Kada ma a zo maganar na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, masu matatar hayaƙi a salansa. An ƙera ta ne don mai mai tsabta da doguwar tafiya, inda za ta yi zafi ta ƙone toƙar da ta tara. A nan kuwa daga Mabera zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gida, da irin man da muke sha. Wata biyu ta cushe, mota ta ƙi wuce gudun keke, mai ita ya zo yana cewa an yi mata asiri. Lokacin hunturu kuma filtar iska ce: maimakon a saya sabuwa, a yi ta busa tsohuwa da iska mai ƙarfi har ta yage, ƙura ta wuce ta cinye fuka-fukan tobo, na'urar da ke cusa wa inji iska. Sannan a tambaye ni me ya sa motar kamfani ba ta da ƙarko.

Gorar nan tana nan na ajiye ta a kan kanta, ruwan ya ƙara kwanciya, jan ya ƙara fitowa. Da safen nan Alhaji ya kira manaja, ba don ya ba ni haƙuri ba, ragi yake nema. Manaja ya yi masa ragin kuɗin aiki, ya kuma yi masa alkawarin zai karɓi motarsa ranar Alhamis. Na tambayi mai sito ko famfon ya taso daga Legas. Ya ce ko kuɗinsa ba a tura ba tukuna.