An tambayi kura lissafin nama

Wato ma'aikatar sufuri ce ta bayar da kwangilar wani titi, ita ta biya kuɗin, ita kuma ta kafa kwamitin da ya binciki yadda aka kashe su, kwamitin ya fito ya ce komai lafiya lau. Madalla, a tafa musu! An ba kura ajiyar nama, da safe aka nemi lissafi, ta lashe baki ta ce ko tsoka ɗaya ba ta ɓata ba.

Tun jiya maganata ɗaya ce: wanda ya kashe kuɗi ba shi zai binciki kansa ba. Tun 1977 hukumomin binciken kuɗin gwamnati na duniya suka haɗu a birnin Lima na ƙasar Peru, suka rubuta cewa mai bincike kada ya kasance ƙarƙashin wanda yake bincika. Har yau wasu na yi kamar ba su ji ba.

Wani ya rubuto min wai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, injiniyoyin ma'aikatar su suka san aikin. To, sun san aikin, sun kuma san wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmansu. Wani kuma ya ce bincike jinkiri yake jawowa. Filin jirgin saman Berlin a 2011 aka tsara buɗe shi, sai 2020 ya buɗe, kuɗinsa ya tashi daga kimanin yuro biliyan 2 ya haura biliyan 6. Masu bincike ne suka riƙe shi? Na'urorin kariya daga gobara aka kwaɓa.

Kuɗin sufuri a ƙasa ake binne shi. Da zarar an shimfiɗa kwalta, wa zai san kaurin tsakuwar da ke ƙarƙashi? Farfesa Bent Flyvbjerg, masanin tsara manyan ayyuka, da abokan aikinsa sun duba manyan ayyukan sufuri 258 a 2002, suka tarar kusan 9 cikin 10 sun zarce kuɗin da aka tsara, na layin dogo da matsakaicin ƙarin kusan kashi 45 cikin ɗari. Irin wannan rami ne za a ce maginin ya auna da kansa?

Wallahi ba don son surutu nake wannan ba. Mutane ne ke mutuwa a kan titunan da aka rage wa siminti. Ina son mai binciken da minista ba zai iya tsige shi ba, wanda kasafinsa daga majalisa yake zuwa, ya je wurin aikin ya huda kwaltar ya auna, rahotonsa kuma kowa ya karanta.

Af, wai almakashin nan mai ruwan zinare da ake yanke ƙyalle da shi ranar buɗe titi, kowane biki sabo ake saya ne? Ban taɓa ganin tsoho a kan farantin ba.