Yaƙin Bama fa da kakanninmu aka yi shi

Jiya da daddare na tarar da autarmu 'yar SS2 tana haddar dalilan Yaƙin Duniya na Ɗaya kamar mai tilawa, an harbe yariman Ostiriya Franz Ferdinand a Sarajevo a 1914, Jamus da Ostiriya ɓangare guda, Ingila da Faransa da Rasha ɗaya ɓangaren. Ta iya su tsaf wallahi. Sai na ce mata Auta, barikin sojan nan na Zariya da muke wucewa kullum, me ya sa ake ce masa Chindit? Ta ce Yaya ai suna ne kawai na Turawa.

Abin ya tsaya min a rai har yanzu. Yarinyar nan kakanta na wajen uwa soja ne, da shi aka je Bama, lambarsa ta yaƙi tana nan cikin tsohon gwangwani a ɗakin Inna, amma a aji an koya mata yaƙin duniya kamar rigimar wasu mutane can da ba ruwanmu da ita.

Alhali a Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a dazukan Bama tsakanin 1943 da 1945, cikinsu 'yan Arewa birjik, Hausa ce ma yaren bariki. Chindit ɗin nan sunan wasu dakaru ne na musamman da ke kutsawa bayan sahun Japanawa, kuma akwai bataliyoyin Najeriya a cikinsu a 1944. Barikokin Dalet da Kalapanzin na Kaduna duk sunayen wurare ne a Bama. Barikin Bukavu na Kano kuma sunan wani gari ne a Kongo, ƙasar da sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960.

Shi ma Yaƙin Duniya na Ɗayan da take haddacewa ai har ƙofar gida ya zo mana, an yi shi a Garwa da Mora, aka ƙwace Kamaru daga hannun Jamus a 1916 Ingila da Faransa suka raba, sai a 1961 aka kaɗa ƙuri'a mutanen su Mubi, da ke ɓangaren Kamarun da Ingila ta samu, suka zaɓi zama a Najeriya. Ɗan Mubi da ke karanta yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919 da aka ƙulla bayan yaƙin, labarin garinsu yake karantawa, ba wanda ya faɗa masa ne kawai.

Ban ga laifin malamai sosai ba, shekaru aka yi an cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, yara na isowa SS1 ba tushe, da yawa kuma darasin Gwamnati suke ɗauka su tsere wa tarihin. Amma don Allah malam, kafin ka rubuta Hitila a allo, tambayi ajin wa ke da kakan da ya je Bama. Za ka ga hannuwa.

Ni dai na ce wa Auta ran Asabar mu je Inna ta buɗe mana gwangwanin nan, ta ba ta labarin da bakinta tun tana da ƙarfin bayarwa.