Ƙannena direbobi, gas ɗin esi ba ya ƙarewa haka kawai

Da ku nake, ƙannena masu tuƙa Bolt da Uber a Kumasi, musamman 'yan Aboabo da Asawase da ke tururuwa Suame Magazine, unguwar makanikai, da zarar zafin Fabrairu da Maris ya kankama. Maganarku guda ce: "Masta, gas ya ƙare, a ƙara min." Na daɗe a sana'ar gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, kuma wallahi raina yana ɓaci in na ga yaro ya kwashe kuɗin da ya yini yana nema tsakanin Kejetia da Tafo ya zuba a gas, bayan mako biyu ya dawo yana sharce gumi.

Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake yi ba. Zagaye yake yi a rufaffen bututu. Kwamfuresa ta matsa shi, kwandensa da ke gaban lagireto ta fitar da zafinsa, ya bi ta wata 'yar siririyar ƙofa ya shiga ƙarƙashin dashbod ya kwashe zafin cikin mota, ya sake komawa. In ya ragu cikin 'yan makonni, to akwai inda yake yoyo, kuma ƙara shi ba a toshe wurin ba zuba ruwa ne a kwando.

Sau da yawa ma matsalar ba ta gas ba ce, kuma da idonka za ka gane. Tada mota, buɗe bonet, a kunna maka esi. Ka ji kulocin kwamfuresa ya yi "ƙas" ya kama? In shiru, duba fis da rile tukuna. Fanka tana juyawa? Motar da ke sanyi a kan hanyar Accra amma ta koma tanda a cunkoson Adum, yawanci fanka ce ta mutu ko kwandensa ta toshe da ƙurar hunturu. Wanke ta da ruwa a hankali, kada ka sa mata ruwan injin wanki mai ƙarfi, zai lanƙwashe fikafikanta. Sannan ka ciro matatar iska da ke bayan aljihun dashbod. Kwanan baya na zaro ta wata Vitz, baƙa ƙirin, cike da busasshen ganye da ɓawon gyaɗar da ɓera ya tara. Mai motar ya zo da kuɗin kwamfuresa a aljihu, matata kawai muka sauya iska ta dawo.

Yoyo kuwa yana barin sawu, domin man kwamfuresa yana tafiya tare da gas. Bi bututun da ido, duk mahaɗar da ka ga ƙura ta manne tana maiƙo, shafa mata ruwan sabulu. In ta yi kumfa ka kama ɓarawon. Galibi ɗan zoben roba ne ya bushe.

Daga nan ka tsaya, don Allah. Kada ka ɗauki sifana ka kwance bututu alhali da gas a ciki. Gas ɗin R-134a da ke yawancin motocinmu yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, ɓangaren matsi kuma yakan wuce psi 200 a ranar zafi. Na ga yaron wani shago da gas ɗin ya fesar masa a hannu, yatsunsa suka yi fari fat, washegari suka tashi bororo kamar ƙunar wuta. Da a ido ne fa? Kuma kada tsadar gas ta sa ka yarda a ɗura maka na firiji, R-600a, wuta yake kamawa, ga fasinja a bayanka da 'ya'yanta.

A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ke faɗin irin gas ɗin motarka da giram nawa take sha. Sababbin motocin da ke shigowa daga Amurka da Turai da yawa R-1234yf ne, ba a gauraya shi da R-134a. Masu cewa a cika sosai don sanyi ya ƙaru ba su san abin da suke jawo wa kansu ba. Ni kaina ina yaron shago na taɓa cika wa wani dattijo da ƙiyasi, ban zuƙe iskar ciki ba. Ba a rufa wata ba kwamfuresarsa ta ƙone, mutumin da da motar yake ciyar da gida. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Shi ya sa in ka kai gyara, kada ka bar wurin ka tafi shan shayi. Ka ce a sa injin zuƙe iska na aƙalla minti 30, domin danshin da ya rage a ciki yana daskarewa ya toshe 'yar ƙofar nan, ya kuma lalata mai. In an kashe injin ka zuba wa allurar geji ido na ɗan lokaci. In ta motsa, da sauran yoyo, kada ka bari a ɗura. In ta tsaya cak, a ɗora tukunyar gas ɗin a kan sikeli a auna maka giram ɗin da takardar ta ce, kana tsaye kana gani.