Ku daina shafa wa sandar sirdi ta kabon giris

Abin da ke ba ni haushi da kekunan tsere na gwanjo da ke shigowa Bauchi shi ne sandar sirdi ta kabon, wato wadda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe. Ka daidaita tsayinta a Wunti, kafin ka kai Yelwa sirdin ya nutse, gwiwa ta fara ciwo. Ka kai wa mai gyara, sai ya ce, "Alhaji, ƙaramin aiki ne," ya lafta mata giris, ya ɗaure notin iya ƙarfinsa. Haba malam! Giris ɗin nan shi ke ƙara mata santsi, ɗaurin ƙarfi kuma fasa kabon yake yi. Ƙarfe lanƙwasa yake, kabon kuwa tsagewa yake, wani lokaci ta ciki inda ido ba ya gani, kuma a kai mutum ke zaune yana gudu a kan titi.

Gyaran ba wuya. A zare sandar, a goge ta da cikin bututun keken da take shiga da sifirit har maiƙo da ƙurar hunturu su fita. A shafa man haɗa kabon, wanda ke da 'yan ƙwayoyi masu kaushi da ke sa ta kama. Sannan a ɗaure daidai awon da aka rubuta a jikin maɗaurin, galibi Nm 5 zuwa 6 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), da sifana mai awo.

A duba kauri ma. Sanda mai milimita 30.9 ba za ta zauna a ramin 31.6 ba, ko wane ne ya ɗaure ta, kuma cusa guntun gwangwani a gefe kankare kabon ɗin yake yi.